Lodin Gida da Jaka Ɗaya: Da Wanne Sabon Ɗalibi Zai Shiga Hostal?

Makarantar kwana ta sakandare tana da wani sauƙi da ba a ganin darajarsa sai an bar ta: ita ce ke faɗa maka abin da za ka zo da shi. Takarda ake ba iyaye an jera komai, daga yunifom da farin kambas zuwa bokiti, tsintsiya, fartanya da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ranar komawa malami na tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe akwati ya bincika, abin da ba ya cikin jeri ya koma gida tare da wanda ya rako ka. Jami'a ba ruwanta da wannan. Za ta faɗa maka kuɗin da za ka biya, ta faɗa maka abin da ta haramta a ɗakin kwana, amma abin da za ka ci da abin da za ka kwanta a kai, wannan galibi tsakaninka ne da mutanen gidanku.

Shi ya sa da zarar sunan yaro ya fito, tun ba a gama murna ba, gida yake rabuwa biyu. Ɓangare ɗaya na masu lodi ne, kuma galibi uwa ce jagorarsu, gwaggo da inna na mara mata baya. A ganinsu duk abin da yaro ke taɓawa a gida daga asuba zuwa dare ya kamata ya bi shi: katifa, tukwane, risho, buhun shinkafa, jarkar mai, har da muciya. Ɗaya ɓangaren na masu jaka ɗaya ne, yawanci yaya ko kawun da ya taɓa zaman hostal. Shi cewa yake a ba yaro kayan sawa kaɗan da takardunsa, a saka masa kuɗi a asusu, sauran ya saya in ya je.

"Umma, wannan kayan duk a ina za ta ajiye su? Ɗakin fa ba nata ba ne ita kaɗai."

"Kai dai ka cika magana. Yarinya za ta garin da ba ta da kowa, sai in bar ta ta tafi hannu rabbana?"

Wanda ya saurari wannan gardama da kyau zai ga ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Yayan faɗin ɗaki yake tunawa. Uwar ciki take tunawa.

Gardamar ba ta tsufa sosai ba. Dattijon da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 zai gaya maka da akwati ɗaya ya sauka a Samaru, kuma ba ƙarya yake yi ba. A zamaninsu jami'a ce ke ciyar da ɗalibi sau uku a rana, da tikiti mai rangwame ake shiga ɗakin cin abinci. Muhimmancin wannan tikiti ya kai ga cewa da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini a 1978, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ɗalibai suka tashi da boren da ake kira "Ali Must Go", wanda aka laƙaba wa sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa gaba ɗaya, kuma tun daga ranar tukunya ta shiga ɗakin ɗalibi, da ita da duk dangoginta. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda har yanzu ake cin abincin rangwame da tikiti, kayan sabon ɗalibi ba sa kai namu nauyi. Saboda haka idan baba ya ce "mu a lokacinmu", a saurare shi da ladabi, amma a tuna cewa jami'ar da yake ba da labarinta mai girki ce.

Sai dai ɗakunan da tukunyar ta shiga ba don ita aka gina su ba, kuma a nan ne masu jaka ɗaya suka fi ƙarfi. Tsofaffin gidajen kwana na Jami'ar Ahmadu Bello irin su Danfodio da Akenzua na maza, ko Amina da Ribadu na mata, an tsara su ne lokacin da ɗalibai ba su kai yawan na yau ba. Gidajen da Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa jami'ar a 2019 masu ɗaukar mutum 2,160 sun rage cunkoso, amma jami'a ce mai dubun-dubatar ɗalibai, kuma a kusan duk jami'o'in tarayya masu neman gado sun ninka gadajen da ake da su. Ɗakin da aka rubuta wa mutum huɗu ko shida, da dare za ka ƙirga fiye da haka, domin kowane mai gado yana da ɗan garinsu ko abokin sakandare da bai samu ba, ya zo skwatin. Abin da sabon ɗalibi zai iya kira nasa bai wuce uku ba: gadonsa, loka ɗaya ko rabin loka, da ƙarƙashin gado. Idan kuwa gadon mai hawa biyu ne aka ba shi na sama, wanda sau da yawa shi ne rabon jambito, wato sabon ɗalibi, to ƙarƙashin ma sai da yardar na ƙasa. Duk kayan da bai shiga waɗannan wurare ba zai tsaya ne a hanyar mutane, kuma mutumin da ya fara zama da jama'a ta hanyar tare musu hanya ya fara da ƙafar hagu.

Akwai wata hujja da ta fi wannan, wadda iyaye da yawa ba su sani ba. Samun gurbin karatu daban, samun gado daban. Sai ka biya kuɗin makaranta, ka gama tantancewa, sannan ka nemi gado ta intanet ranar da aka buɗe shafin, kuma yakan cika nan da nan. Yaron da aka sauke a Kwangila ta Zariya da katifa da buhu uku da jarkoki, alhali bai san inda zai kwana ba, ya ɗauki wahala tun kafin ya ga ƙofar aji. Zai yi kwanaki yana bin layi daga wannan ofis zuwa wancan, zuciyarsa na kan kayan da ya jibge a ɗakin wani da jiya-jiya suka haɗu. Mai jaka ɗaya kuwa ya rataya abarsa a baya, duk inda dare ya yi masa ya shimfiɗa darduma. Ga kuma kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, direba a tashar Unguwa Uku ta Kano ba ya kallon kaya a matsayin alfarma. Katifa da buhuna kuɗin kujera suke ci, wani lokaci fiye, sannan a sake biyan mai adaidaita daga inda aka sauke ka zuwa cikin makaranta. Bokitin roba da aka ɗauko daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano don ya fi araha, kafin ya isa Samaru ya fi na kasuwar Samaru tsada, in ma bai fashe a but ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce yaya ya ci gardama. Amma a bar mako uku su wuce, a leƙa ɗakin.

Kuɗin da aka saka wa mai jaka ɗaya a asusu, da sunan ya sayi bokiti da abinci, ba bokiti da abinci kaɗai suka gan shi ba. Hoton fasfo ya ci, kwafin takardu ya ci, kuɗin ƙungiyar sashe da na tsangaya sun ci, littafin da malami ya ce dole ne ya ci, data ta ci. Yaron da bai taɓa riƙe kuɗin wata guda a hannunsa ba, ga shi kusa da mai shayi da mai indomi da ƙwai, ba abin mamaki ba ne ya yi facaka a makon farko ya koma kallon rufin ɗaki a na uku. Kuɗi na iya zama komai, shi ya sa yake saurin zama ba komai. Tiyar shinkafa kuwa ba a sayen data da ita. Uwar da ta nace sai an tafi da abinci ta san wannan, ko ba ta taɓa taka jami'a ba, domin ta san ɗanta. Ko lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ke ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, duk wanda ya shiga kasuwa kwanan nan ya san inda wannan kuɗi zai tsaya idan da shi za a sayi kowace loma.

Sannan ga gidajen da abinci ya fi kuɗi sauƙin samu a wurinsu, kuma su ne mafi yawa. Manomi a Giwa ko Ɗanja ko Bakori zai iya buɗe rumbu ya auna wa ɗansa masara da wake da gero na zango guda ba tare da ya ji a jikinsa ba, amma a ce ya kawo kuɗin wannan abincin a dunƙule, sai ya sayar da akuya. Ga irin wannan gida shawarar "a ba shi kuɗi ya saya a can" shawara ce ta mutanen albashi.

Abincin ma ba kowanne ne ya cancanci kujera a mota ba, kuma a nan ake gane uwar da ta taɓa tura ɗa makaranta da wadda wannan ne na farinta. Sarkin kayan ɗalibi garin kwaki ne. Ba ya buƙatar wuta, ba ya lalacewa da wuri, ana jiƙa shi da sukari da gyaɗa da rana, a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa da mai da dare, kuma shi ne ke tsayawa da mutum ranar da kananzir da kuɗi suka ƙare tare. Bayansa sai yaji, wanda ni a ganina shi ne abin da ya fi komai cancantar fitowa daga gida. Yajin da aka daka da tafarnuwa da citta da daddawa a turmin gida ba a samun irinsa a ƙulle-ƙullen leda na bakin titi, kuma gwangwani ɗaya nasa na mayar da farar shinkafa da mai abinci har zango ya ƙare. Garin ɗanwake, da kukarsa a haɗe, cikin 'yan mintoci yake dahuwa. Garin kunu na tsamiya ko na gyaɗa yana raba mutum da mai shayi da safe. Busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa ba su da nauyi, ba su cin wuri. Dambun nama, idan an soya shi ya bushe ƙwarai aka zuba a abin da ke rufuwa da kyau, yana daɗewa, ko da yake daɗewarsa ta fi dogara ga yawan abokan ɗakin da suka san da shi.

Wake kuwa sai an yi tunani. Garau-garau abincin ɗalibi ne na asali, amma wake yana cin wuta, kuma yanzu litar kananzir ta fi ta fetur tsada. Wanda zai tafi da shi ya koyi jiƙa shi tun da dare, kuma kada a bar shi a buhu: a zuba a busasshiyar jarka a toshe bakin sosai, in iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa. Doya da dankali da ɗanyen tumatir su zauna a gida, nauyi ne da ruɓa. Buhun shinkafa sukutum ga mutum ɗaya ma kuskure ne, ba don ba zai cinyu ba, sai don da ɗaki ya san akwai shi, ya zama na ɗaki. Wannan ba aibu ba ne gaba ɗaya. Ci tare shi ne ke ƙulla zumuncin hostal, kuma wanda ya ciyar a farkon zango ana tuna shi a ƙarshe. Amma gara mutum ya bayar da niyya da a ce an cinye shi don ya kasa ɓoye buhu.

Abin da ya bambanta lodin abinci da sauran lodi shi ne kullum raguwa yake. Kowace rana ƙarƙashin gado na ƙara faɗi. Kayan da ba a ci kuwa, yadda suka zo haka za su zauna har ranar da za a sake biyan kuɗin ɗaukarsu. Da a ce masu lodi a kan abinci suka tsaya, da ba ni da ta cewa. Inda suke ɓata rawarsu da tsalle shi ne tufafi da tarkace. Za ka ga an haɗa wa yarinya akwati biyu na atamfa da leshi da takalma da jakunkuna kamar kayan lefe, alhali lokar da za a ba ta ko rabin ɗaya ba za ta ɗauka ba, kuma yawancin kwanakinta doguwar riga da hijabi za ta zura ta ruga lakcar ƙarfe takwas. Namiji a cika masa jaka da shadda, wadda ba ta sawuwa sai da sitaci da guga, a wurin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama kuma dutsen guga ɗaya ke yawo a ɗakuna biyar. Kaya masu sauƙin wanki da saurin bushewa, na mako guda ko kwana goma, da guda biyu masu kyau don Juma'a da taro, sun isa. A kuma tambayi sashen da yaro zai shiga tun kafin a kai ɗinki: ɗaliban shari'a fari da baƙi suke sawa, na kimiyya da likitanci na buƙatar farar rigar ɗakin gwaje-gwaje. Sarƙar gwal da 'yan kunnen gado su zauna a adakar uwa.

Kayan girki matsala ce ta daban, domin a nan doka ta shigo. Jami'o'i da yawa sun hana hita da murhun lantarki a ɗakunan kwana, saboda tsofaffin wayoyi ba sa ɗaukar nauyinsu kuma gobarar hostal ba baƙon labari ba ce a ƙasar nan. Tun da kuɗin wuta ya yi tsalle a 2024 aka ƙara tsanantawa. Wasu makarantun sun yarda da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, wasu ba su yarda da ita a cikin ɗaki ba, sai risho a baranda ko a ɗakin girki. Wanda ya sayi abin girki tun daga gida bai karanta dokar gidan kwanan da za a ba shi ba, yana iya sayen abin da za a ƙwace a bakin ƙofa. Kuma ɗaki ɗaya ba ya buƙatar risho shida, ko tsintsiya shida, ko soket shida. Waɗannan abubuwa ne da ake zama da abokan ɗaki a raba, wannan ya kawo kaza, wancan ya kawo kaza. Tukunya biyu ƙanana, faranti, kofi, cokali, wuƙa da kula ɗaya, su ne na mutum shi kaɗai.

Bokiti da jarka da buta da silifas na wanka dole ne, ba a jayayya a kansu, domin ruwa a hostal ba kullum yake hawa bene ba, kuma wanda ba shi da abin tara ruwa yana cikin roƙo kullum safiya. Amma a saye su a can. A farkon kowace shekarar karatu 'yan kasuwa har bakin ƙofar makaranta suke baza su. A sa fenti ko ƙusa mai zafi a rubuta suna a jiki, domin duk bokitin hostal kamarsu ɗaya.

Katifa ce abin da na fi jinkirin yanke hukunci a kai. Wasu makarantun suna bayarwa, wasu gadon ƙarfe kawai za ka tarar. Masu jaka ɗaya sukan ce a sayi ta hannu wurin masu kammala karatu, waɗanda ke karyar da kayansu da arha don kada su ɗauka. Gaskiya akwai arha, amma tsohuwar katifar hostal ba ita kaɗai take zuwa ba. Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinkin katifa da mahaɗar gado, yana iya daɗewa bai sha jini ba bai mutu ba, kuma in ya shiga kayan mutum har gida yake raka shi hutu. Gara sabuwa ƙarama, daidai faɗin gadon ɗalibi, a bar ta cikin ledarta a shimfiɗa zani a kai. Idan kuwa kuɗin cizon ya riga ya shigo, maganinsa rana da tafasasshen ruwa a mahaɗar gado da haɗin kan ɗaki duka, ba fiya-fiya a rufaffen ɗakin da mutane ke kwana da abincinsu a ƙarƙashin gado ba. Wannan guba ce ta gona. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben 'yar uwarta Sniper a kasuwanni da kantuna, kuma da dalili ta yi.

Akwai wurin da ɓangarorin biyu suke tuntuɓe tare, wato yanayin garin da za a je. Mutum yakan haɗa kaya ne da yanayin ranar da yake haɗawa. Yanzu da yajin aiki ya hargitsa kalandar jami'o'i, ana iya fara zango a tsakiyar zafi a ƙare shi a tsakiyar hunturu. Wanda ya taso a Sakkwato ko Nguru ya shiga Samaru a watan Oktoba da zanin rufa ɗaya, zai gane kurensa a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Zariya ke shigowa ta tagar da gilashinta ya daɗe da fashewa, ga wankan asuba da ruwan da ya kwana a bokiti. Bargo da rigar sanyi da safa da man shafawa mai kauri ba kayan ado ba ne a can, balle a Jos. Mai tafiya Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta Maiduguri kuma ya tuna da Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: ƙaramar fanka mai caji ta fi masa bargo amfani nesa ba kusa ba. Gidan sauro kuwa ko'ina za a je a tafi da shi. Ba ya da nauyi, kuma zazzaɓin cizon sauro a makon jarrabawa ya fi kowace asara tsada.

Takardu ba su shiga gardamar ba sam, domin su ne kaɗai abin da kasuwar Samaru ba ta sayarwa. Takardar gurbin karatu ta JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN, rasit ɗin biyan kuɗi na Remita, da hotunan fasfo fiye da yadda ake zato. A yi kwafi da yawa tun daga gida, a ɗauki hotonsu a waya, a sa na asali a jakar leda mai zif a ƙasan akwati, kada a ba kowa na asali ya kwana da shi sai ofishin da ya nema. Haka maganin wanda ke da larura ta dindindin, irin su asma ko sikila ko gyambon ciki, da takardar likitansa don asibitin makaranta. Haka fitila mai caji da abin ajiyar cajin waya, domin karatun dare ba ya jiran wuta. Haka kwaɗo mai kyau guda biyu, ɗaya na loka ɗaya na akwati. Ba zargin abokan ɗaki ba ne. Ɗakin da mutum goma ke shiga da baƙinsu, ko wa ya ɗauki abu ba a san wa za a tambaya ba, kuma kwaɗo yana hana zargin da ke raba abokai.

Akwai kuma ranar fita, wadda mai haɗa kaya ba ya tunawa da ita. A ƙarshen shekarar karatu ana umartar kowa ya kwashe kayansa, domin gadon bana ba shi ne na baɗi ba, sai an sake nema. Wani lokaci ma fitar ba ta sallama. A 2020 annobar korona da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata tara suka rufe jami'o'i. A 2022 aka sake tafiya yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibai da yawa sun fita da jaka ɗaya suna zaton mako huɗu ne, kamar yadda aka sanar da farko. Abin da suka bari a baya ya zauna da ɓeraye da gara da danshin damina guda. Mai kaya kaɗan ya kwashe nasa a tafiya ɗaya. Mai lodi ya bar wa Allah.

Nisa ma yana sauya lissafin, kuma ta hanya mara daɗi. Ɗan Kano da ke karatu a Zariya, ko ɗan Gusau a Sakkwato, zai iya zuwa da jaka ɗaya ya koma ƙarshen mako ya ɗauko abin da ya gane yana buƙata. Ɗan Mubi ko Gembu ko Yawuri ba shi da wannan gata, sau ɗaya zai zo sai hutu. Shi ya fi kowa buƙatar lodi, kuma shi ne lodin ya fi yi wa tsada da wahala.

Ni dai inda na karkata shi ne a raba tafiyar biyu, ko da yaron sau ɗaya zai yi ta. Ya fara tafiya da tsarin yayansa: jaka ɗaya da takardu da magani da gidan sauro da bargo, da ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji na kwana goma, da kuɗin rijista a asusu. In ya samu gado, ya ga faɗin lokarsa, ya karanta dokar gidan, ya san abin da abokan ɗakinsa suka riga suka kawo, sai ya kira gida ya faɗi abin da ya rage. Daga nan aikin Umma ya fara, kuma a bar ta ta yi shi yadda ranta ke so, muddin abin ci ne. Ba sai wani ya rako kayan ba. Direbobin tasha sun daɗe suna wannan aiki na kai saƙo, ana ba su buhu da lambar wayar mai karɓa, a biya kuɗin kaya, a karɓi lambar direba da ta mota, yaro ya tare shi a Kwangila ko Kabuga ko duk inda motar ke tsayawa. A rubuta suna da lambar waya a jikin buhun da babban rubutu, ba a guntuwar takardar da za ta faɗi a hanya ba. Man gyaɗa da manja a zuba su a jarka, a sa leda a baki kafin a murɗa murfi, a ɗaure su daban. Kada a kuskura a haɗa su buhu ɗaya da gari, kuma kananzir, in ma dole sai an aika da shi, kada ya hau mota ɗaya da abincin.